Yadda na sa hunturu ya fito a hoton ɗan tumfafiya

Hoton kusa yana da wani mugun hali. Da zarar ka matso da lensi jikin abu har ya cika fuskar hoton, sai ya haɗiye wurin da lokacin gaba ɗaya. Ƙaya ta fito tar, gashin ganye ya fito ɗaya bayan ɗaya, amma wanda ka nuna wa ba zai iya ce maka a Janairu aka ɗauka ko a Agusta ba, a bakin fadama ne ko a bayan gida. Kyamara ba ta jin ɗari. Abin da na sa a gaba a wannan fitar shi ne hoto guda na ɗan tumfafiya da ya fashe, wanda duk mutumin ƙasar nan in ya kalla zai ce hunturu ne tun kafin a gaya masa. Wurin kuwa gefen gonakin rani na Kadawa ne, kan hanyar Kano zuwa Zariya, a tsakiyar Janairu.

Zaɓen rana shi ne farkon aikin, kuma a nan mutane da yawa suke yin kuskure, domin suna jira hazo ya yi sauƙi kafin su fita. Hazo abu ne da sai da tazara yake bayyana. Tsakanin lensi da abin da ke rabin mita a gabanka babu ƙurar da za ta kai a gani, ko da kuwa ranar an hana jirage tashi a filin jirgin Kano. A ranar da ido ke kai wa kilomita 1 kacal, bishiyar da ke mita 100 kusan kashi ɗaya cikin uku na duhunta ne kawai ke raguwa, wadda ke mita 500 ce za ka ga ta kusa narkewa cikin fari. In ido yana kai wa kilomita 5, to a mita 100 ba za ka ga alamar komai ba. Saboda haka na bi hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, na jira ranar da suka ce ƙura za ta yi kauri. Wannan ƙurar yawancinta daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta. Fara ce fat, shi ya sa hasken hunturu ba ya yin ja irin na faɗuwar ranar damina, sai dai fari mai ɗan ratsin ruwan ƙasa, kamar an tsoma sama a ruwan koko.

Kayan da na ɗauka ba su da yawa: kyamara mai cikakkiyar sensa (farantin cikinta da hoto ke sauka a kai), milimita 36 a faɗi, da lensin makro, wato na ɗaukar hoton kusa, na milimita 100, da abin kafawa mai ƙafa uku wanda ke iya sauka har ƙasa, da farin kwali mai girman littafin makaranta, da 'yar robar hura iska, da takunkumi. A gida na ɗaura lensin, a ɗaki a rufe, ban kuma cire shi ba har na dawo. Duk wanda ya buɗe bakin kyamara a fili cikin hunturu zai kwana yana goge ɗigo-ɗigo a kwamfuta. Wani ƙaramin abu kuma: lokacin kaushi ne, kowa hannunsa da basilin. Na wanke tafin hannuna da sabulu kafin in fita, don yatsa ɗaya mai maiƙo a gilashin lensi ya isa ya sa hasken rana ya yi jirwaye a dukkan hotunan safiyar.

A watan Janairu rana tana fitowa a Kano wajen ƙarfe bakwai saura minti goma. Na isa shida da rabi, sanyi na muku-muku, iska kuma a kwance. Wannan kwanciyar ita ce jarin mai hoton kusa, kuma ba ta daɗewa. Da hantsi, daga wajen tara, iskar da ke sama take saukowa ta fara kaɗa komai, audugar tumfafiya kuwa ko numfashinka yana tashinta. Awa biyu ke gare ka. Mai gonar da ke kusa yana bakin kwata yana jin ɗumin wutar kara, na yi masa sallama, "Baba, sannu da aiki, ya sanyi?" ya ce lokacinsa ne, na nemi izinin taka gefen gonar. A yi wannan kafin a kafa komai, domin in rana ta fito ba sauran lokacin bayani.

Tumfafiya ba ta wuyar samu, duk wurin da aka bari ba noma tana nan. Wahalar ita ce samun wadda abin da ke bayanta zai yi magana. Na wuce guda biyar masu kyawun 'ya'ya saboda bayansu koren alkama ne shar, kore kuwa a idon mai kallo damina ce. Wadda na tsaya a kanta ɗanta ya tsage ta gefe ɗaya, audugar ta leƙo rabi, irin yana jere a ciki kamar ɓawon kifi, ganyen kuma ƙura ta kwanta a kansa. In ka durƙusa ka dubi kudu maso gabas, akwai kuka tsirara ba ganye ko ɗaya a wajen mita 100, can bayanta kuma jerin bishiyoyi da suka kusa ɓacewa. Hawa uku ke nan: na kusa, na tsakiya, na nesa. Kukar da ta zubar da ganye ta faɗi cewa rani ne, dusashewar jerin bishiyoyin ta faɗi cewa hazo ne. Da gawo na samu a wurin ma zai yi, amma sai a yi hattara, shi a wannan lokacin yake cike da ganye, wanda bai san halinsa ba zai ɗauka damina ce.

Kudu maso gabas ɗin ba haka kawai na zaɓe shi ba. A hunturu rana ba daga gabas sak take ɓullowa ba, tana karkata kudu, don haka fuskantar can yana sa haske ya zo daga bayan audugar ya ratsa ta, kowane zare ya kama wuta. In ka juya wa rana baya, audugar sai ta zama farin dunƙule kamar an manna auduga da gam. Akwai kuma riba ta biyu: in kana fuskantar kudu maso gabas, iskar hunturu daga hagunka take zuwa, sai ka ajiye jaka ko ka tsaya ta wannan gefen ka tare ta.

Ban taɓa reshen ba. Ruwan tumfafiya, farin nan mai kama da nono, in ya shiga ido yana yi masa illa sosai, mai hoto kuma hannunsa kullum yana zuwa ido. Ban kuma hure ƙurar da ke kan ganyen ba. Hannu yana ƙaiƙayi ya share ta, amma ita ce shaidar lokaci mafi kusa da lensi.

Ɗaukar farko na yi ta yadda duk mai sabon lensin makro yake yi, na matsa har ƙarshe, girma ɗaya bisa ɗaya, wato abin da ke milimita 36 a fili ya cika faɗin hoton. A ƙofar haske f/8 (ramin lensi da haske ke shiga, in lambar ta ƙaru ramin yana tsukewa), kaurin wurin da ke fitowa tsaf a wannan kusancin bai kai milimita 1 ba. Iri biyu suka fito raɗau da 'yan zaruruwa, baya kuma ya zama fari sumul kamar bango. Hoto ne mai kyau, amma da a ɗaki na ɗauke shi da fitila haka zai fito. Kukar ta ɓace sam.

Dalilin a lissafe yake. Garwayewar abin da ke nesa a kan sensa kusan daidai take da tsawon lensi sau girman kusanci, a raba da lambar ƙofar haske. Milimita 100 sau 1 a raba da 8, ya ba da milimita 12 da rabi, kashi ɗaya cikin uku na faɗin hoton ke nan, babu siffar da za ta tsira. Na ja baya har gaban lensin ya kai kamar rabin mita daga ɗan tumfafiyar, girma ya koma ɗaya bisa huɗu, faɗin abin da hoton ya ɗauka ya zama santimita 14. Yanzu ɗan ya shiga gaba ɗaya da ganye biyu, wurin da ke tsaf ya kai kusan santimita 1, garwayewar baya kuma ta sauka zuwa milimita 3. Kuka mai tsayin mita 15 a nisan mita 100 tana cin kusan milimita 19 a sensa, don haka milimita 3 ba ta kashe ta, tana dai tausasa ta. Kututturen da manyan rassan suka fito dushi-dushi, amma kowa zai ce kuka ce.

Daga nan na tsaya a wuri ɗaya na yi ta sauya ƙofar haske. A f/2.8 garwayewar ta kusa milimita 9, kukar ta zama tabo mai duhu, kamar datti a hoton. A f/5.6 ana zarginta. A f/8 ana gane ta ba tare da ta janye ido daga audugar ba. A f/16 ta fito da yawa, ƙananan rassa suka fara gasa da zaren audugar, ga kuma ɗigon ƙurar sensa guda biyu da suka bayyana a sama, waɗanda a f/8 ba a ganinsu. Na tsaya a f/8. Ra'ayina shi ne yawancin hotunan kusa da ake yaɗawa an buɗe ƙofarsu fiye da kima, don ana ganin narkakken baya shi ne alamar kyamara mai tsada.

Tsayin kyamara ya ci mini lokaci fiye da komai. Ɗan tumfafiyar yana daidai gwiwa. In kyamarar ta ɗara shi tsayi ko da da taƙi ɗaya ne, lensin zai sunkuya, bayan hoton ya zama ƙasa da busasshiyar ciyawa a mita biyu, nisa ya tafi, hazo ya tafi. Na sauke ƙafafun har lensin ya yi daidai da shi, ya ɗan ɗaga sama kaɗan. Sai na riƙa gusawa gefe santimita biyar-biyar har kukar ta bar bayan ɗan ta koma kusurwar dama ta sama, audugar kuma ta faɗa kan duhun jerin bishiyoyin nesa. Farin zare a kan farar sama ba ya fitowa, yana bukatar abu mai ɗan duhu a bayansa.

Awon haske na kyamara yana ɗaukar duk abin da ya gani ya mai da shi toka-toka matsakaiciya. Da ya ga farin hazo ya cika rabin hoto sai ya rage haske, hoton ya fito da duhu kamar hadari ya haɗo, wato ya mai da hunturu damina. Na ƙara mataki ɗaya, +1, na duba jadawalin haske a allon kyamara, tudun ya matsa dama amma bai bugi bango ba. Na kunna alamar ƙiftawa mai nuna inda fari ya ƙone, gefen audugar ya ɗan ƙifta, na rage zuwa +2/3. Masu ɗaukar dusar ƙanƙara a Turai da Kanada wannan matsalar suke fama da ita, su har mataki biyu suke ƙarawa. Saurin ƙyaftawa na bar shi 1/250 na daƙiƙa saboda zaren ba ya tsayawa cik ko da iska a kwance, wannan ya kai ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, zuwa 800. Tsakin da ISO 800 ke kawowa ba ya damun hoton hazo, motsin zare kuwa ba shi da magani.

Ma'aunin fari, mai daidaita launin haske, na cire shi daga kan atomatik na sa shi a 5300 na ma'aunin Kelvin. Atomatik aikinsa ya wanke duk wani launi da ya rufe hoto, launin da ya rufe safiyar hunturu kuwa shi na zo nema. Na ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, don in sami damar gyara daga baya, amma ganin launin daidai a allo tun a fili yana taimaka wa hukunci.

Fokas da hannu na yi. Fokas na atomatik yana ruɗewa da zare, ya kama wannan ya saki ya kama wancan. Na faɗaɗa hoton a allo sau goma, na saita a kan jerin irin da ke bakin tsagar, na sa jinkirin daƙiƙa biyu don girgizar yatsa ta lafa kafin ɗauka. Takunkumin ya yi amfani biyu a nan, ya tare ƙura, ya kuma hana numfashina kaɗa audugar.

Da haske daga baya, cikin ɗan ya yi duhu. Na riƙe farin kwalin a ƙasa ta gefen kyamara, kamar santimita 40 daga ɗan, ya mayar da ɗan haske cikin tsagar. Da na matso da shi santimita 15 sai inuwar ta mutu gaba ɗaya, hoton ya koma kamar na talla, na mai da shi baya. Takardar alminiyam ta fi kwali ƙarfi, amma haskenta yana da kaifi, yana ƙaryata laushin safiyar. Filashin kan kyamara ban ma gwada ba, yana haska ƙurar da ke yawo a gaban lensi ta fito fari-fari, kuma yana duhunta baya.

Rana ba ta bayyana ba sai bayan bakwai da kwata, farin faifai ba zafi, wanda hazo ya cinye wa haske. Na shigar da ita kusurwar hoton a ɗauka uku. A f/8 ta zama tattausan da'ira, kyakkyawa, amma ta fi audugar haske, ido yana tafiya wurinta ya manta da ɗan tumfafiyar. Na fitar da ita daga hoton da kaɗan, na bar hasken da take zubawa a kusurwar. A allo nake kallo duk lokacin nan, ba a leƙa rana ta cikin madubin leƙe na kyamara ko da hazo ya rufe ta.

Kafin raɓa ta bushe na juya ga alkamar da ke bakin kwata. A hunturu iska a bushe take ƙamas, a kan tudu da wuya ka ga raɓa, sai a fadama da inda ake ban ruwa, kuma da rana ta ɗan ɗaga ta tafi. Ɗigon raɓa ƙaramin lensi ne, yana ɗauke da hoton abin da ke bayansa a kife. A nan kusanci ɗaya bisa ɗaya ya yi amfani, domin wurin yana cikin ɗigon. Sai dai fokas biyu ne: na fatar ɗigon da na hoton da ke cikinsa. Na saita a kan na ciki, sai ga kukar ƙafa a sama a cikin ɗigo mai faɗin milimita 3. Cikin ɗauka goma sha biyu, biyu ne suka yi, sauran ganyen ya motsa. Ban fesa ruwa da kwalba don ƙara ɗigo ba. Ruwan feshi girmansa ɗaya, yana wanke ƙura, manomi kuma kallo ɗaya zai yi ya gane.

Wanda waya ce a hannunsa ba a bar shi a baya ba, a wannan aikin ma tana da fifiko ɗaya: lensinta mai faɗi ne, tana riƙe baya ko ba ka so. Ka juya ta kanta ƙasa don lensin ya sauka daidai abin, ka tsaya kamar santimita 12 zuwa 15, ka danna allo ka riƙe har fokas ya kulle, sannan ka ja alamar rana sama kaɗan. Ka kashe yanayin hoton mutum (Portrait) mai narkar da baya da lissafi, yana yanke zaren auduga kamar da almakashi. Waya kuma tana son ƙara kaifi da launi da kanta, tana ɗaukar hazo a matsayin cuta, in tana da RAW a yi amfani da shi.

Tara saura kwata iska ta tashi, rabin audugar ya bi ta, na naɗe. A gida na fara hure jikin kyamarar da gilashin lensin da robar iska, lensin yana kallon ƙasa, kafin ƙyalle ya taɓa shi. Goge busasshiyar ƙura da ƙyalle kai tsaye kankare gilashi ne.

A Lightroom, manhajar gyaran hoto, aikin ya fi karkata ga abin da ba a taɓa ba. Maɓallin Dehaze, mai cire hazo daga hoto, na bar shi a sifili. Jan shi dama zuwa 20 kawai ya dawo da shuɗin sama da baƙin kuka, safiyar ta koma ta watan Oktoba. Baƙi ma ban ja shi har ƙarshe ba, domin a ranar hazo babu abin da ke baƙi ƙirin a nesa, wuri mafi duhu a hoton shi ne cikin tsagar ɗan, shi kaɗai na bari ya kusanci baƙi. Kaifi da buroshi na sa shi, a kan iri da zare kawai. Koren ganyen na rage masa ƙarfi da maki 15, don tumfafiya a fili toka-toka take, kyamara ce ke ƙara mata kore. Na gwada sauke ma'aunin fari zuwa 4600 don hoton ya yi shuɗi ya nuna sanyi. Ya nuna sanyi, amma na wata ƙasa, irin na kalandar Turai. Ɗarinmu fari ne mai ƙura, na mai da shi 5200.

Ɗigon ƙurar sensa na goge, suna da sauƙin ganewa, tabo ne mai taushi a wuri ɗaya a kowane hoto. Ƙurar kan ganye na bar ta. Daga ƙarshe na ƙara ɗan tsaki, maki 12, saboda sama mai laushi irin ta hazo in Facebook ya matse hoton takan tsattsage ta zama layi-layi, tsakin yana hana wannan. Na fitar da shi a tsarin launi na sRGB, dogon gefe fiksel 2048, wanda kuma zan tura wa ta WhatsApp na tura masa a matsayin fayil don kada a sake matse shi. A ƙarƙashinsa na rubuta: Kadawa, Janairu, bakwai da minti ashirin na safe.